Me Bature yake nufi idan ya ce "I'll pass"?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana Turanci ina neman ƙarin haske. Na yi wa wani Ba'amurke zanen tambarin kamfaninsa ta intanet. Da na gama sai na tura masa tayin cewa idan yana so zan haɗa masa da katin kasuwanci a kan dala 40. Amsar da ya turo ita ce: "Thanks, but I'll pass on that one."

Ni dai *pass* ɗin da na sani shi ne na cin jarrabawa, da na wucewa, da na miƙa abu. To wanne yake nufi a nan? Zai miƙa tayin ga wani ne, ko ya karɓa, ko ya ƙi? In ƙi ya yi, akwai fushi a ciki? Sannan ni ma zan iya faɗa wa mutum haka ba tare da an ce na yi rashin ladabi ba? Na gode.

Malamin Sakandare:

Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Ya ƙi tayin, sai dai ƙi ne mai taushi, babu fushi a cikinsa ko kaɗan. Da Bahaushe ne cewa zai yi "na gode, wannan dai a bar shi", ko "wannan kam na yafe". Kada ki zauna jiran ya miƙa wa wani, kada kuma ki fara aikin katin.

Maganar daga wurin wasan karta ta fito. A wasan da suke kira *bridge* mutum huɗu ne ke zama, kuma kafin a fara jefa karta sai an yi zagayen tayi, kowa ya faɗi abin da yake ganin shi da abokin wasansa za su iya ci. Wanda kartar hannunsa ba ta da ƙarfi, idan layi ya zo kansa sai ya ce "pass", wato a tsallake ni a je kan na gaba. In wani ya taya, sannan sauran ukun suka ce "pass" a jere, tayin ya tsaya a nan. In kuwa duka huɗun suka faɗe ta tun farko, to wannan rabon ba za a buga shi ba.

Ki riƙe wannan a ranki, domin shi ne zai warware miki duk sauran. Mai cewa "pass" bai tashi daga wurin wasa ba, bai watsar da karta ba, bai yi faɗa da kowa ba. Zagaye ɗaya kawai ya bari ya wuce shi. Haka abokin cinikin naki: katin ya ƙi, ba ke ba. Duba ma yadda ya ce "that one", wato wannan ɗin dai. Ƙofar wani aikin a buɗe take.

Daga nan ne ƙa'idar amfani da ita ta fito: ana cewa "I'll pass" ne ga abin da aka yi wa mutum tayinsa kuma yana da zaɓi. Abinci, shayi, gayyatar fita, haja, wani aiki da ba dole ba. Ba a faɗa wa umarni. Idan shugabanki a ofis ya ce ki kawo rahoto ƙarfe 2, kika ce "I'll pass", kin mai da umarninsa kamar tayin gyaɗa, kuma zai ɗauke shi raini ne. Haka mai bin ki bashi, haka jami'in da ya ce ki nuna takardunki.

Sai yadda ake gina jimlar, wanda a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Da fari, a taƙaice ake faɗinta: "I'll pass". Idan kika ware ta kika ce "I will pass", kunnen Bature zai fi karkata ga jarrabawa, kamar kina cewa lalle zan ci. "I pass" kuwa ba tare da komai ba ta wurin wasa ce.

Na biyu, idan za ki ambaci abin da kika ƙi, dole ki sa *on* kafinsa. "I'll pass on the tea" na nufin ba zan sha shayin ba. "I'll pass the tea" na nufin zan miƙa shayin. Ƙaramar kalma ce mai harafi biyu, amma in ta faɗi maganar ta juye gaba ɗaya.

Na uku shi ne ainihin abin da ya ruɗe ki, kuma kina da gaskiya da kika ruɗe, domin *pass on* ɗin iri biyu ne. Akwai na ƙi, akwai na isar da saƙo. Ga gwajin da ba ya ƙarya: cire sunan abin ki sa *it* a madadinsa, ki ga inda zai zauna. "I'll pass on it", da *it* a ƙarshe, ƙi ne. "I'll pass it on", da *it* a tsakiya, shi ne zan isar wa wani. Da mutumin nan yana nufin zai nuna wa abokin aikinsa tayinki, da cewa zai yi "I'll pass it on to my partner". A baki ma akwai bambanci: mai ƙi yana danna murya a kan *pass*, mai isar da saƙo yana danna ta a kan *on*. A rubuce babu murya, sai a dubi abin da ke kewaye. Kalmar *but* da ya sa bayan godiya ta isa shaida.

Tafinta:

Malam ya gama magana a kan ginin jimla. Ni abin da zan ƙara, ƙanwata, tunda harkar kasuwanci kike, shi ne yadda kalmar take zuwa a wasiƙun aiki, don a nan ne take cutar da mutanenmu.

Mu da muka tashi da sakamakon WAEC, *pass* a kunnenmu tana gefen nasara: D7 da E8 su ake kira haka, F9 ne faɗuwa. Har a Hausar makaranta ana cewa wane ya yi fasin. To sai matashi ya tura takardar neman jari ko neman aiki ko rubutunsa ga wani kamfani a Amurka, a amsa masa da "It's a pass for us" ko "We're going to pass at this time", ya fara murna. Alhali an ƙi shi ne. Masu zuba jari da masu buga littattafai da masu ɗaukar ma'aikata suna yawan amfani da wannan lafazin saboda gajere ne kuma bai ɗora laifi a kan mai nema ba. Hanyar rarrabewa ita ce a duba wane ne mai yin aikin. In kai ne ka yi *pass*, kamar "you passed", ka tsallake. In su ne suka yi *pass*, kamar "we passed" ko "they passed on him", sun ƙi. Mai neman ba ya cin komai idan mai bayarwa ne ya ce *pass*.

Wannan "at this time" ɗin kuma kada a ɗora masa buri da yawa. Yawanci tausasa magana ce kawai. In da gaske suna so a dawo, za su faɗi lokaci ko sharaɗi, misali a sake turowa bayan wata shida, ko idan ciniki ya kai kaza.

Akwai 'yan'uwan kalmar da ya kamata a san su, don kada a je ƙin abu a faɗi wani abin daban. "Pass up" ita ma ƙi ce, amma ta barin dama ta wuce, kuma tana ɗauke da ɗan nadama ko zargi: "He passed up a good job" na nufin ya yi sakaci da aiki mai kyau. Ba a cewa "I'll pass up the tea". "Passed over" kuwa shi ne a tsallake mutum wajen ƙarin girma a ba na ƙasa da shi. "Pass out" suma ne, ko da yake a Najeriya da Birtaniya ana amfani da ita ga yaye sojoji, kuma masu yi wa ƙasa hidima sun san faretin gamawarsu da wannan suna. "Make a pass at someone" shi ne kai wa mutum tayin soyayya ko na banza, don haka a yi nesa da shi a wasiƙar aiki.

Mafi haɗari shi ne "passed on" ko "passed" da aka bari babu komai a bayansa, domin haka ake sanar da rasuwa. Idan aka tambaye ki ko wane ya karɓi tayin, kika rubuta "He passed on", kin ce ya rasu. Sai kin cika: "He passed on the offer" ko "He passed on it". Amurkawa kan ce "he passed" a ma'anar ya ƙi idan zancen tayin ne ake ciki, amma mai koyo gara ya cika jimlarsa.

Game da fassara, babu kalma ɗaya ta Hausa da za ta ɗauke ta ko'ina. A wurin cin abinci, in an ce maka bismillah ka ce alhamdu lillahi, wannan shi ne daidai "I'll pass, thanks". A kasuwa, abin da ya fi kusa da ita shi ne "albarka" da mai kaya yake cewa idan an taya ƙasa: an ƙi, amma da fatan alheri, kuma ciniki bai mutu ba. Bambancin kawai shi ne "albarka" tana gayyatar ƙari, ita kuwa "I'll pass" ba ta gayyatar komai. Wannan ki lura da shi sosai. Kada ki koma ki ce to na rage zuwa dala 30, sannan 25. A wurinsu an riga an rufe wannan zancen, naci zai sa ya fara jan jiki.

Ɗan Sabon Gari:

Ban ƙi abin da Malam ya faɗa ba, amma ina ganin ya kamata a ja layi a kan batun ladabi, don Maman Ilham ta tambayi ko ita ma za ta iya faɗa. Taushin kalmar ba a cikinta yake ba, a cikin abin da aka kewaye ta da shi yake. Tsirararta tana da kaifi.

A ce abokiya ta gayyace ki walima. Kika rubuta "Pass." kawai da aya. Wannan kamar ki ce mata "ba na yi" ne ki juya baya. "I'll pass" ta ɗan fi, amma har yanzu a bushe take. "I'll pass, thanks" ta shiga sahun ladabi na yau da kullum tsakanin tsara. "I think I'll pass this time" ta fi taushi, domin *I think* yana rage ƙarfi, *this time* kuma yana nuna wani karon za a iya. Wadda ta fi duka ita ce "I'm afraid I'll have to pass", saboda *have to* yana nuna ba son ranki ba ne, wani uzuri ne ya hana. *Afraid* ɗin nan ba tsoro ba ne, kamar "sai dai a yi haƙuri" ne.

A ɗaya ƙarshen kuma akwai "hard pass", wadda ta yaɗu a shafukan sada zumunta. Ita ce "a kai kasuwa", ko "ba da ni ba", ko "Allah ya kiyaye". Ba ƙin tayin kawai take yi ba, tana nuna abin ma bai kamaci a kawo shi ba. Tsakanin abokai ana faɗinta a yi dariya, misali a ce a zo a hau dutse da tsakar rana a watan Afrilu. Amma ga wanda ya yi girki da hannunsa, ko abokin ciniki, ko wanda ya zo neman aure, cin fuska ce.

Sannan akwai batun girma. Ba'amurke zai iya ce wa surukinsa "I'll pass, thanks" ba wanda zai ɗaga kai. A nan gida, ko da Turanci ake magana, kunnen da ke saurare na gida ne. Malaminki na jami'a ko dattijon ofis ya miƙo miki abu, gara ki ce "Thank you sir, I'm all right", ko ki kawo uzurinki a fili. Da yawa daga manyanmu ma ba su saba da wannan ma'anar ba, za su ɗauka kina cewa za ki biyo ta wajen.

Turawan Ingila sun san ta kuma suna faɗi, amma suna da tasu: "I'll give it a miss". A can kalmar "pass" ita kaɗai tana da wata ma'ana da gasar kacici-kacici ta talabijin ɗin BBC mai suna Mastermind ta yaɗa tun 1972, inda ɗan takara yake cewa "pass" idan bai san amsa ba don kada ya ɓata lokaci. Saboda haka idan ka tambayi Baturen Ingila babban birnin wata ƙasa ya ce "pass", cewa yake ban sani ba, ba wai ya ƙi amsa maka ba.

Tunda ana maganar ƙi, bari in taɓo "nope" da "nah", don kullum suna cikin saƙonni. "Nope" a'a ce mai yankewa, ana rufe leɓe a ƙarshenta kamar an rufe ƙofa, kishiyarta "yep". Amsa ce kawai, ba ta shiga gaban suna: ana cewa "no money", ba a cewa "nope money". Ta fi dacewa da tambayar labari, kamar ka gan shi? "Nope." In aka amsa tayi da ita sai ta yi tsauri. "Nah" kuwa a'a ce ta kasala, ta wanda bai ɗauki abin da zafi ba. Ita tana da tarko biyu a wurinmu. Na ɗaya, a kunnen Bahaushe tana kama da farkon "na'am", ga ta kuma a'a ce. Na biyu, 'yan Najeriya da yawa suna rubuta *na* ta Pidgin da h a ƙarshe, su rubuta "nah so" ko "nah me", suna nufin haka ne, ni ne. Bature da ya ga "nah me" zai karanta a'a ne a farko, ya rasa gane sauran.

Malamin Sakandare:

Na karɓi gyaran, Ɗan Sabon Gari, musamman batun manya. Zan ƙara abu biyu.

Furuci. Hausa ba ta raba p da f, shi ya sa *pass* take fita "fas" a bakin da yawa daga cikinmu. A jimla irin wannan mai kalma biyu babu abin da zai ceci mai saurare: an miƙo abinci, an ce "I'll fas", sai ya ji kamar "I'll fast", wato zan yi azumi. Maganinsa mai sauƙi ne. A haɗe leɓe biyu gam, a tara iska, a sake ta lokaci guda. Riƙe 'yar takarda nesa da baki kamar faɗin yatsu uku: in p ce ta gaskiya takardar za ta yi tsalle sau ɗaya, in f ce za ta riƙa kaɗawa a hankali. Wasalin tsakiya kuma bai kamata ya dami kowa ba. Mutanen kudancin Ingila suna jan sa, Amurkawa da mutanen arewacin Ingila suna faɗinsa da wani wasalin daban, duka daidai ne.

Rubutu. Ɗalibai kada su sa "I'll pass" a wasiƙar hukuma ta jarrabawa ko ta ofis. A can *decline* ake so: "I regret that I must decline the invitation." Tsakanin biyun akwai "turn down", wadda take shiga kusan ko'ina, ita ma da ƙa'idar *it* a tsakiya: "I turned it down", ba "I turned down it" ba. *Refuse* tana da nauyi, ta ƙin abu da gangan ce, kusa da "ya ƙi ƙememe" idan aka ƙara mata *flatly*. *Deny* kuwa ba ta cikin wannan layin sam, musantawa ce, amma kullum ana ganin "he denied the offer" a takardun ɗalibai.

Wanda ke karanta jaridun Amurka zai ci karo da *nix* a kanun labarai, kamar "Senate nixes plan". Daga Jamusanci ta zo, daga kalmarsu ta "ba komai", kuma editoci suna sonta don harafi uku ne. Jaridar Variety, ta harkar fina-finai a Amurka, ta yi wani shahararren kanun labari da ita a 1935. Bambancinta da *pass* shi ne iko: mai cewa *pass* kansa kawai ya cire, abin zai iya ci gaba ba shi. Wanda ya yi *nix* kuwa soke abin ya yi ga kowa.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Wallahi har na buɗe kwamfuta zan fara katin. To yanzu me ya dace in amsa masa? Kuma wata rana ya taɓa rubuta min "I'm good" da na tambaye shi ko in ƙara wata kala, na ɗauka gaisuwa yake amsawa. Ita ma ƙi ce?

Tafinta:

Amin, ƙanwata. E, ita ma ƙi ce. In an tambayi lafiyar mutum ya ce "I'm good", lafiya lau yake nufi. In tayi aka yi masa ya ce "I'm good", to "na ƙoshi" ne, abin da ke hannuna ya ishe ni. Tambayar da ta gabata ita ke yanke hukunci. Sai ki kula da wannan: "I'm good with that" amincewa ce, wato hakan ya yi min. Kalma biyu aka ƙara, a'a ta koma e.

In kuma wata rana ya ce "I'll take a rain check", wannan ba ƙi ba ne gaba ɗaya, "sai wani jiƙon" ne. Asalinta tikitin da ake bai wa 'yan kallon wasan *baseball* a Amurka idan ruwan sama ya tsayar da wasa, su shiga da shi wani wasan. A nan kina da damar tuna masa bayan mako biyu ko uku. A kan "I'll pass" ba ki da wannan damar sai in shi ya tayar da zancen.

Amsarki kada ta wuce layi biyu, kuma kada ki ba da haƙuri, don ba ki yi laifi ba. Kada ki tambaye shi dalili. Rubuta masa: "No problem at all, thanks for letting me know. Happy to help if you need anything else." Ki haɗa da fayilolin tambarin na ƙarshe da takardar kuɗin aikin da kika riga kika gama, ki tura a saƙo ɗaya.